Kunun gida, Cerelac ko ledar asibiti: wanne za a fara ba yaro in ya cika wata shida?

Ƙanwata ce ta jawo wannan dogon zancen. Ɗanta ya cika wata shida, sai ga kiranta da daddare wai Yaya kaina ya ɗaure, uwar mijinta ta ce koko kawai za a dama masa kamar yadda aka yi wa ubansa kuma ga shi nan garjeje, maƙwabciyarta ta ce in dai tana son yaro ya yi ɓul-ɓul to Cerelac ne ba wani abu ba, wata kuma ta kawo mata leda uku na abincin tamowa irin wanda ake bayarwa a asibiti, wai a kasuwa ta saya, ki ba shi ki ga ikon Allah. To ni na raini uku kuma na daɗe ina bin abin da masu bincike ke cewa a kan harkar nan, shi ne na ce bari in zauna in jera mata su ɗaya bayan ɗaya, wataƙila wata ma ta amfana.

Kafin a zo kan wanne ya fi, sai an san giɓin da ake son cikewa tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 ta tsaya a kan nono zalla har wata shida, daga nan a ƙara da abinci amma a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wanda dama mu mun san shekara biyun nan tun daga Suratul Baƙara. Daga wata shida zuwa takwas yaron da ke shan nono yana buƙatar ƙarin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 200 a rana daga abinci, wata tara zuwa sha ɗaya wajen 300, daga shekara ɗaya zuwa biyu kuma wajen 550. Ba yawa ba ne in aka duba. Matsalar cikinsa ne ƙarami, a zama ɗaya abin da zai ɗauka bai wuce ƙaramin kofin shayi ba, don haka duk cokalin da ya shiga dole ya zama mai nauyi. Sai kuma maganar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda ake ce wa ayon. Yaro yana zuwa duniya da ajiyarsa, wajen wata shida ajiyar ta ƙare, nono kuma ba shi da shi sosai. A lissafin Amurka jaririn wata bakwai zuwa sha biyu yana buƙatar miligiram 11 a rana, ubansa ƙato kuma 8. Ki ji fa, jinjiri ya fi babansa buƙata. Shi ya sa ban yi mamaki ba da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, kashi 37 kuma sun tsumbure ba su kai tsawon shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kashi 57.

Kuma don Allah a daina cewa gajarta gadon gidansu ce. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, an haɗa shi ne daga yara kusan 8,500 a ƙasashe shida, Ghana, Indiya, Oman, Norway, Brazil da Amurka, duk 'ya'yan da suka samu nono da abinci da tsafta, kuma aka ga a shekarun farko girmansu kusan ɗaya ne. Ɗan Accra da ɗan Oslo kai ɗaya. Gado yana nan, amma ba shi ne ke sa rabin yaran gari su tsumbure ba.

To kunun gida. Ni a nan zuciyata take, amma ba irin wanda surukar ƙanwata ke nufi ba. Kokon da muke damawa tsararo, gasara da ruwan zafi da sukari, wanda ake iya zubawa a fida ya wuce ta kan roba, wallahi yawanci bai kai nonon uwa ƙarfi ba. Nono yana da kalori wajen 65 zuwa 70 a kowane mililita 100, ruwan koko sau da yawa ƙasa yake da haka, ke nan kin cika masa ciki da abin da bai kai abin da ke jikinki ba, sannan ya ƙi kama nono don ya ƙoshi. Yaro yana sha kullum, uwa tana ganin tana ƙoƙari, ma'auni kuma ya ƙi motsi. Gwajin mai sauƙi ne, ki ɗebo a cokali ki karkata, in ya zube shar kamar ruwa to bai yi ba, so ake ya tsaya ya riƙa saukowa a hankali.

Wanda nake nufi shi ne haɗin gari. Irin wanda ake kira Tom Brown da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa a Arewa maso Gabas, awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a haɗa a kai niƙa. Waken suya dole ya soyu sosai, ɗanyensa yana hana jiki cin moriyar furotin kuma yana kumbura ciki. Hatsi da wake in suka haɗu suna cike wa juna giɓi, gyaɗa ta kawo mai. Ki ƙara ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja a kwanon yaron, wannan kaɗai kalori 40 ne da ɗoriya kuma bai ƙara wa kunun yawa ba. Akwai wata dabara da iyayenmu suka sani a kunun zaƙi, wato tsiro. Hatsin da aka jiƙa ya tsira aka shanya aka daka, in kika barbaɗa ɗan kaɗan a kunu mai kauri yana da ɗumi sai ki ga ya saki ya yi laushi ba tare da kin ƙara ruwa ba, ƙarfin yana nan, yaro kuma ya iya haɗiya. A Tanzaniya masu bincike sun daɗe suna koyar da wannan. A dai sake ɗora shi a wuta ya tafasa bayan ya saki.

Amma kunun gida yana da lam'a biyu da ba a son faɗa. Na farko ayon ɗin da ke cikin gero da wake jiki ba ya iya zuƙarsa da yawa, akwai wani sinadari a dusar hatsi da ke riƙe shi da shi da zink, wani sinadarin da yaro ke buƙata don girma. Jiƙo da tsimi da tsiro suna rage wannan, abu mai tsami kamar lemu ko garin ɗan kuka ko tumatir yana taimakawa, shayi kuma yana ƙara hanawa, amma duk da haka hatsi da wake kaɗai da wuya su cika miligiram ɗin nan. Na biyu gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Akwai guba mai suna afalatoksin da ke fitowa daga nan, wuta ba ta kashe ta, tana taɓa hanta, kuma wani bincike a Benin da Togo da aka buga a 2002 ya samu yaran da ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. A Kenya a 2004 masara mai wannan gubar ta kashe mutum 125. Saboda haka tsintar gyaɗa ba ƙaramin aiki ba ne, duk wadda ta yanƙwane ko ta canza launi ko take ɗaci a zubar, kar a ce a bar wa yara ita. Sannan ga wahala, wanki, shanya, suya, layin inji, gas ko itace. Wanda bai taɓa yi ba shi ke cewa ai kunu ne kawai.

Yanzu na gwangwani, Cerelac da 'yan uwansa. Gaskiya a ba shi haƙƙinsa, inda kunun gida ya gaza nan ya fi ƙarfi. An zuba masa ayon da zink da bitamin a ma'auni, cokalin yau daidai yake da na gobe, akwai madara a yawancinsu, minti biyu kin gama, ga matar da ke fita aiki tana barin yaro wajen wata wannan ba abin rainawa ba ne. A tafiya ma haka. Amma duk alherin nan yana rataye ne da sharaɗi ɗaya, a dama shi yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Abin da nake gani a gidaje shi ne kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, gwangwanin da ya kamata ya ƙare cikin kwanaki sai a ja shi ya yi sati biyu ko uku, cokali ɗaya a ruwa rabin kofi, to kin koma gidan jiya, tsararon koko ne mai tsada. Kuma in ruwan ba tafasasshe ba ne ko an dama an ajiye tun safe, ga gudawa, gudawa kuma ita ce babbar mai kwashe abin da yaro ya tara.

Sai sukari. A watan Afrilun 2024 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye tare da IBFAN, gamayyar ƙungiyoyi masu sa ido a kan abincin jarirai, sun gwada Cerelac daga ƙasashe da dama, suka ce wanda ake sayarwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yana ɗauke da ƙarin sukari kusan giram 4 a kowane damu in aka yi matsakaici, na Najeriya akwai wanda ya haura giram 6, alhali irinsa na 'yan wata shida a Jamus da Ingila babu ƙarin sukari. Kamfanin Nestlé ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa da ƙa'idar duniya. Ni abin da ya dame ni a nan ba ma haƙori ba ne, sabo ne. Yaron da ya buɗe baki da zaƙi in kika kawo masa faten wake ko miyar kuka sai ya kau da kai, uwa kuma ta ce ai shi ba ya cin komai sai Cerelac, shi ke nan an ɗaure mai gida. Kuma kar masu kunun gida su yi dariya, cokali biyu na sukari da ake antayawa a koko ya fi wancan yawa. Zuma ma a bari sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya yaƙa da ita.

Inda binciken ya fi ba ni sha'awa ba a kan hatsin ba ne sam, a kan abin da ake ɗorawa ne. A Ekwado, a wani yanki mai tsaunuka da ake kira Cotopaxi, an ɗauki jarirai wajen 160 'yan wata shida zuwa tara, rabi ana ba su ƙwai ɗaya kullum har wata shida, rabi ba a ba su. Sakamakon da ya fito a 2017 ya girgiza mutane, tsumburewa ta ragu da kashi 47 a masu cin ƙwan. Aka ce to an samu magani. Sai aka maimaita a Malawi, a Mangochi bakin tafki, da yara 660, aka buga a 2019, tsawon masu cin ƙwai da marasa ci bai bambanta ba. Ɗaya daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo shi ne yaran can dama suna cin kifi. Can Ekwado ma da aka koma bayan shekara biyu da daina rabon ƙwan, ratar ta ɓace. Ni abin da na ɗauka a nan, ba ƙwan ne ke da sihiri ba, yaron da ba ya samun komai na dabba shi ne zai yi tsalle in ya fara samu, kuma ba abin wata shida ba ne a daina. Yaranmu na karkara da kajin gidansu ke yin ƙwai ana kai wa kasuwa, ana cewa in yaro ya ci ƙwai zai yi sata, sun fi kama da na Ekwado. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ma cewa ta yi a ba yaro nama ko kifi ko ƙwai kullum. Sai dai ƙwai ba gwanin ayon ba ne, a Malawin bai gyara ƙarancin jini ba. Mai wannan aikin hanta ce da jan nama, 'yar hanta kamar kan yatsa biyu a dafa a murje a kunu ko fate sau ɗaya ko biyu a sati, sai garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka daka lukui.

Akwai wani tsohon bincike da nake yawan ba mazaje labarinsa in sun fara ƙorafin kuɗin cefane. A Gwatamala daga 1969 zuwa 1977, ƙauyuka huɗu, biyu ana raba musu wani kunu mai madara da furotin da suke kira atole, biyu kuma wani ruwan zaƙi mai ɗanɗanon 'ya'yan itace. Aka bi yaran nan har suka zama magidanta. A 2008 aka buga cewa mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu, abin da suke samu a awa ɗaya na aiki ya fi na sauran da kashi 46. Kunu ne fa, amma mai kauri da madara.

To ledar asibiti. Wannan ita ce na fi ɗaga wa ƙanwata murya a kai. Sunan abin da ke cikinta Plumpy'Nut, wani likitan Faransa André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996, gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari da bitamin, leda ɗaya giram 92, kalori 500, ba ya buƙatar ruwa ko wuta shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin zama a ciki. A yunwar Nijar ta 2005 ne duniya ta ga aikinsa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi jinyar yara sama da 60,000 yawancinsu a yankin Maraɗi, mafi yawa a gida a hannun iyayensu mata maimakon a gadon asibiti. Abu ne mai ceton rai ba ko shakka. Amma magani ne, an auna shi ne da nauyin yaron da tamowa ta kama. Lafiyayyen ɗan wata shida kalori 200 yake nema, kin ba shi 500 na zaƙi da maiƙo, ina zai sa nono, ina zai koyi cin abincin gida? Kuma duk ledar da kika gani a tire a kasuwa an rubuta ba ta sayarwa ba ce, rabon wani yaro ne da ke kwance.

Wanda ya cancance ta ana gane shi da tef ɗin auna dantse, mai ja da rawaya da kore. Daga wata shida zuwa shekara biyar, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya. Ko kuma ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku, in rami ya zauna to kumburin tamowa ne ba ƙiba ba, ranar za a tafi asibiti ba gobe ba. A wannan halin babu maganar kunu ko Cerelac, ba su isa ba, ledar ce da sauran magungunan da za su haɗa masa.

Kar a rikita ta da wata 'yar ƙaramar leda mai giram 20 da ake rabawa a wasu wuraren don rigakafi, ita ma gyaɗa da madara ce amma ana haɗawa ne da abincin gida kullum. Da aka tattara gwaje-gwaje 14 da yara kusan 37,000 a ƙasashe irin su Ghana, Burkina Faso, Malawi da Bangaladash, a 2021 aka ga ta rage tsumburewa da kashi 12, ramewa da kashi 14, ƙarancin jini na rashin ayon da kashi 64. Ki lura, a jini ta yi rawar gani, a tsawo kuma kaɗan ta taɓuka, wanda ke nuna babu wata leda ɗaya da za ta gyara komai. Haka garin bitamin da ake barbaɗawa a abinci, yana rage ƙarancin jini amma ba a ga ya ƙara tsawo ba. In asibitin unguwarku na bayar da ɗayansu ki karɓa hannu bibbiyu, da shi kunun gida ya cike giɓin da gwangwani ya fi shi. Abu ɗaya dai, a tsibirin Pemba na Tanzaniya an tsayar da wani gwaji da aka buga a 2006 don yaran da ake ba ƙwayar ayon sun fi kwanciya asibiti a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Shi ya sa ba a son uwa ta je kemis ta sayo maganin ƙarin jini da kanta, kuma in ana bayarwa a haɗa da gidan sauro da saurin gwaji in jiki ya yi zafi.

Da za a ce in zaɓa wa matar da ke gida kuma kuɗin a ƙirge yake, haɗin gari mai kauri ne, kuɗin gwangwanin a mai da shi ƙwai da hanta da kifi, wallahi ya fi riba nesa ba kusa ba. Wadda ke fita aiki ko take makaranta, ta riƙe gwangwani ɗaya don damun safe ko na tafiya, ta duba jikinsa ta zaɓi mara sukari ko mai ƙarancinsa, ta dama cikakke, sauran cin kuma na gida. Wadda take da hali ta ce ita gwangwani zalla, ba zan ce haram ba, amma ta sani ana son yaro ya taɓa aƙalla rukuni biyar cikin takwas na abinci a rana, nono yana ciki, hatsi, wake da gyaɗa, madara, nama ko kifi, ƙwai, kayan lambu masu ja da kore irin su karas, kabewa, gwanda, mangwaro, zogale, sai sauran ganye da 'ya'yan itace, gwangwani ba zai ba ta wannan ba. Sau biyu zuwa uku a rana a wata shida zuwa takwas, daga wata tara sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai don ki ga abin da ya ci, ba a faranti ɗaya da yayyensa masu saurin hannu ba.

Ƙanwar tawa dai ta kai leda ukun nan asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu ranar awo, aka auna dantsen yaron kore ne. Ta soya gero da waken suya da gyaɗa ta kai niƙa, mai gidan ya yarda da ƙwai ɗaya kullum bayan an sha muhawara, gwangwani ɗaya kuma yana kan firji don ranar da za ta je makaranta. Surukar ce har yanzu in ta zo sai ta ɗaga cokalin ta karkata ta ce wannan ai tuwo ne kike ɗura wa jikana, ta nemi butar ruwan zafi.